Saƙon Allon Ebla

Raliatou ta shiga ɗakin kare tez, wato kundin bincikenta na digiri, a Lyon ta Faransa. Shekara biyar tana bin allunan yumɓu, tana tono yadda sarakunan zamanin da suke ƙulla amana da juna. Yau alƙalai biyar za su ce ta zama dakta ko kuwa a'a.

Na tsakiyarsu ne damuwarta: Farfesa Moutari, da ya sauko daga jirgin ƙasan Paris da safen nan. Shi ya tarbe ta a 2006 ranar da ta iso daga Damagaram, ya kai ta kasuwar Barbès a Paris ya saya mata rigar sanyi. Baba take ce masa, ba ta taɓa haɗa ido da shi ba.

Da aka zo kansa, sai ya gyara tabarau ya ce da Faransanci, "Madmazel, kowa ya san ba a taɓa rubuta yarjejeniya tsakanin ƙasashe ba kafin ta Masar da Hittawa. Ina kika samo naki?"

Innalillahi! Ga yarjejeniyar allon Ebla, tsohon birnin Siriya, nan a babi na biyu, ta girmi waccan da fiye da shekara dubu. Kan allon aka gina tez ɗin gaba ɗaya. Amma ɗiyar mutunci ta ƙaryata babba gaban jama'a? A gidansu ko mahaukaciya ba ta yi.

Ta sunkuyar da kai. To su Nasara ina ruwansu da kunya! In ka yi shiru, ba ka sani ba ne, shi ke nan. Ta hango shugabar alƙalan ta soma rubutu, mai kula da aikinta kuma ya dafe goshi.

"Muna jiranki, Madmazel," in ji shugabar.

Ta buɗe shafin, ta miƙe tsaye.

"A zamanin da nake nazari, manzo yana faɗin saƙo gaban sarki komai ɗacinsa, ya koma gida lafiya. Ina roƙon wannan kariya. Ba ni na ce ba, Farfesa, allon Ebla ne ya aiko ni."

Ta karanta layi-layi, har ƙarshe. Farfesa Moutari ya daɗe yana duban takardarsa kafin ya ce, "Ita ke da gaskiya."

An ba ta digirin. Ana ta tafi, ita kuwa ta bi shi baranda ta durƙusa, ɗalibai na kallo.

"Baba, ku gafarce ni. Gwada ni kuka yi, ko?"

Ya so ya ce e, ta ga alama a fuskarsa.

"A'a, ɗiyata. Ni na koyar da allon nan shekara ashirin. Yau na neme shi a kaina, babu." Ya miƙa mata jakarsa. "Tashi ki raka ni tasha. Ina tsoron in ɓata hanya."