Murafan Aro a Tayar Modu

Tun da fetur ya yi tashin gwauron zabi, Modu mai hula ya ƙulla gaba da iska. Wani bidiyo ya gani a waya, Bature tsaye gaban farar mota yana bayanin cewa iska ce ke shiga ramukan wili ta riƙe mota, shi ya sa take zuƙar mai. In aka toshe ramukan da murfi mai sulɓi, sai mota ta riƙa silalewa. Modu bai ji Turancin duka ba, amma ya ji inda aka ambaci mai. Kuma duk wanda ya san shi a Rijiyar Lemo ya san in abu ya shiga kansa, sai dai a matsa masa ya wuce.

Matarsa Fanta nata abin da ya dame ta daban. Ba su daɗe da tarewa a layin ba, ga walimar saukar 'yarsu Raudha washegari. Matan layin kuwa da tsarinsu. Ba a sayen tukunyar biki, aro ake yi, kowace ta rubuta sunanta da jan fenti a murfi don kada kaya su cakuɗe. Wadda ta ɓata kayan aro ta gama yawo. Ba wanda zai yi mata faɗa, amma duk ranar da ta sake aike, ce mata za a yi tukunyar tana kan wuta. Fanta baƙuwa ce, ba ta da ko ludayin da wata za ta ara a wajenta. Don haka da Ya Gumsu, uwar matan layin, ta sa baki aka tara mata tukwane, har da ta ƙawarta Felicia ta Sabon Gari, sai da Fanta ta yi ƙwalla don daɗi. Ta jera su a zaure, ta tafi kai niƙa.

Nan Modu ya fito ya yi arba da su. Ya ɗauki murfi ɗaya, ya fita ya kara a tayar tsohuwar Golf ɗinsa, ya ga ya zauna cif kamar don ita aka ƙera shi. Bai tsaya tambayar kowa ba, ya ce kayan gidansa ne tunda a zaurensa suke. Ya kwance mariƙan, ya samo ƙusa da guduma ya hudahuda gefen murafai huɗu, ya ɗaure su da waya tamau. Ya ga rubutun sarai, kada wani ya ce bai gani ba. Cewa ya yi in mota tana gudu wane mai ido ne zai karanta.

Ya tada mota ya fita gwaji. Da ya miƙa titin Katsina ko na Zariya, da wataƙila maganarsa ta fito. Amma Modu mutumin Fagge ne, ƙafarsa ba ta san wata hanya ba sai ta kasuwar Singa. A Singa kuwa ba a gudu. Tirela tana sauke taliya, masu kura sun cushe tsakiya, 'yan adaidaita sun sa kai ta ko'ina, Golf tana tafiya kamar mai ciwon ƙafa. Ko iskar da za ta ɗaga leda babu. Tayoyin suna juyawa a hankali, a natse, daidai yadda mai koyon karatu yake so.

'Yan dako suka fara karantawa da ƙarfi. "Ummakulsum," in ji wani. Na ɗaya gefen ya ce nasa Maman Ikhlas ce. Wani dattijo mai goro ya leƙo ta taga ya ce, "Malam, Allah ya ƙara zaman lafiya. Haka ake son adalci, kowacce da tayarta."

Modu yana ƙoƙarin bayanin iska, sai ga Alhaji Kyari, mijin Ya Gumsu, ya fito daga shagonsa na sukari. Mutumin da tun da ya yi aure ba a taɓa jin sunan matarsa a bakinsa ba, sai dai ya ce mutanen gida. Ya sunkuya ya bi tayar gaba da kallo, kansa yana juyawa tare da ita, har sunan ya zagayo ya tsaya daidai.

"Modu," ya ce a hankali, "me iyalina take yi a ƙarƙashin motarka?"

"Alhaji, harkar kimiyya ce."

"To kimiyyar ta rasa inda za ta zauna sai Singa?"

Allah ya taimaki Modu tirelar ta matsa, ya kutsa ya yi Sabon Gari, gumi yana bin bayan kunnensa. A can ma cunkoson ne, kuma ya tsayar da shi daidai ƙofar shagon Felicia. Ita ba ta yi dogon zance ba. Ta dubi tayar baya, ta cire tabarau ta goge ta mayar, ta buɗe ƙofa ta shiga ta zauna.

"Oga Modu, murfina yana nan, ni ma ina nan. Mu je gida." Ta ciro waya ta kira Gumsu.

Kafin su iso labari ya riga su. Matan suna zaure a tsaye kan tukwane huɗu masu buɗaɗɗen baki. Fanta tana rakuɓe jikin bango da bokitin niƙa, ta kasa ɗaga ido. Ba walimar ce kawai take gani ta rushe ba, zamanta a layin ne gaba ɗaya, kuma ta ji kunyar da ba ta taɓa ji ba.

"Ya Gumsu, ku yi haƙuri," ta ce. "Wallahi ban sani ba."

Modu ya ce zai kwance yanzu-yanzu, ramukan ma ai ƙanana ne, tururi zai riƙa samun hanyar fita.

"Kai dai yi shiru," in ji Ya Gumsu. Ta fita ta zagaya motar tana dogara lema, ta taɓa murfinta da ya sha kwata ya lotse a gefe. "Wannan ba zai koma kan abincin mutane ba. Bar su inda suke, gobe sai mu rufe tukwanen da faranti."

Modu ya sauke ajiyar zuciya, har ya fara godiya.

"Ba ka gane ba," ta ce. "A layin nan, duk abin da jan fenti ya hau da sunan mace, kayan aro ne. Ba a hanawa, ba a tambayar yaushe za a dawo da shi. Ummakulsum tana da awon asibiti ranar Litinin. Maman Ikhlas za ta kai gara Kurna."

"Ni kuma coci ranar Lahadi," in ji Felicia. "Da sassafe muke farawa."

"Man fa?" in ji Modu.

"Wanda ya ba da aron tukunya ai da murfinta yake bayarwa. Ka ba da mota da manta, da direbanta."

Modu ya juya wajen matarsa yana neman ceto. Fanta ta ajiye bokitin, ta share fuska da gefen mayafi, ta tambayi Ya Gumsu ko akwai ragowar fentin. Aka aika gida aka kawo gwangwanin da ɗan tsinke a ciki. Ta durƙusa gaban ƙofar direba, ta rubuta sunanta da manyan baƙaƙe, fentin yana ɗiga.

"Baban Raudha, matsa kada ya taɓa maka riga," ta ce. Sannan ta dubi matan, karon farko ido cikin ido. "Duk mai so, ta aiko wajena."