Ruwa Ya Dawo Lambun Gwaggo

Ba a daɗe da cire wa Gwaggo yanar ido ba, sai ta tayar da maganar komawa gidan gona. Tun rasuwar mijinta take zaune a birni wajen ɗiyar ƙaninta, wadda kowa ke kira Nas saboda aikinta na asibiti. Gidan kuwa yana can a kulle, ciyawa ta cinye tsakar gida, lambu ya koma daji.

"Gwaggo, wa zai gyara miki wannan kangon?" in ji Nas.

"Ku da kuke yawon gyara wa mutane gidaje kyauta ranar hutu, ni ba mutum ba ce?"

Nas ta yi dariya, ta kira 'yan ƙungiyarsu ta aikin sa kai. Ranar Asabar da hantsi wata tsohuwar bas ta sauke su a bakin shinge. Akwai wani kafinta mai sanyin magana, da malamar makaranta da ta zo da dashen tumatir da albasa, da dogon direban bas ɗin, da wasu da dama.

Likita ya hana Gwaggo sunkuyawa, don haka aka ajiye mata kujera a baranda, baƙin tabarau a idonta. Ta cikinsa komai ya zama kamar a ƙarƙashin ruwa. Mutane na shawagi da adda da baro, ƙanshin ɗanyar ciyawa na tasowa, amon guduma na saukowa daga kan rufi kamar daga wani gari mai nisa.

"Akwai bishiyar lemo can kusurwa, kada ku sare ta," ta ce.

Direba ya je ya dawo. "Gwaggo, ba lemo. Kututture ne da gidan tururuwa."

"To, ka gaishe su. Sun fi ni riƙon gida."

Rana ta ɗaga, gyangyaɗi ya ɗauke ta. Sai ga mijinta yana tafe tsakanin kunyoyi da malafarsa mai yagaggen baki, yana ɗan karkata kafaɗa kamar yadda ya saba. Ta buɗe ido, malafar na nan, tana matsowa.

"Ka dawo?" ta ce a hankali. "Ruwan fa har yanzu bai zo ba."

Mai malafar ya tsaya cak, ya cire ta da sauri. "Ni ne, Mama, kafinta. Rana ce ta dame ni, na gan ta rataye a ɗakin ajiya. Ki yi haƙuri."

Gwaggo ta daɗe tana kallonsa.

"Mayar da ita kanka, ɗana. Ta gaji da zaman ƙusa."

Ya durƙusa gefen kujerar. "Wane ruwa kike nufi?"

Ta ce masa akwai ƙorama bayan shinge, kuma marigayi ya taɓa haƙa magudana daga can har cikin lambu. Kafinta ya kira sauran. Suka bi shingen suna laluben ƙasa da ƙafa har malama ta zurma cikin wani kwari da laka da ruɓaɓɓen ganye suka toshe. Nan kowa ya bar abin da yake yi, aka koma yasa da shebur da hannu.

Da la'asar ruwan ya shigo. Bai zo da gudu ba. Rarrafowa ya yi, yana tura busassun ganyaye a gabansa, ya tsaya a bakin kowace kunya kamar baƙo mai neman izini, sannan ya shige. Nas ta riƙe hannun Gwaggo ta kai ta bakin magudanar, ta cire mata takalmi. Sanyin ya hau mata tun daga tafin ƙafa har tsakar ka.

"Ni fa na iso," in ji Gwaggo. "Ku gaida birni."

"Ɗaki ɗaya ya samu ƙofa da rufi," kafinta ya ce.

Nas ta sauke ajiyar zuciya. "Shi ke nan, ni ma na zama 'yar ƙauye sai Litinin."

Malama ta tsuguna tana dasa tumatir a jiƙaƙƙiyar ƙasa. Direba, wandonsa sharkaf da laka, ya je ya tayar da bas ya danna oda. Ba wanda ya ko waiwaya. Can sai ya kashe injin, ya dawo ya zauna a bakin ruwan tare da su.