Ƙasar da Malam Muntari Ya Ɗanɗana

"Daga Anka zuwa Gummi, a haɗa da Bukkuyum, ba a taɓa kawo na'urar awon ƙasa da ta kai harshena faɗin gaskiya ba."

Malam Muntari ne ya faɗi haka, yana kwance a kan katifa a zaurensa, ƙafafunsa sun kumbura har fatar tana sheƙi. Mazan da suka zo dubiya duk suka gyaɗa kai. Daga bayan ƙofar cikin gida, maƙwabciyarsa Saude tana ji. Ta yi kusan awa guda a tsugune, da kwano rufe da faifai a gabanta, tana jiran su watse.

Shekara talatin da ɗaya Malam ya yi yana malamin gona, difilomarsa ta ilimin ƙasa da tsirrai tana rataye a bango. Sau ɗaya aka taɓa aiko masa da na'ura daga hedikwata, cikin akwati mai kyau, ba tare da ruwan maganin da take aiki da shi ba. Ya rubuta takarda, aka amsa cewa ana duba lamarin. Kafin a gama dubawa ya koma ga abin da wani tsohon malaminsa ya nuna masa: a ɗebi ƙasa, a jiƙa da yawu, a murza tsakanin yatsu, a ɗora a harshe. Mai tsami tana son toka, mai gishiri a bar ta ta huta. Masu shinkafa a fadamar Gummi ba sa shuka sai ya ɗanɗana musu. Duk wanda ya gama sakandare a unguwar kuwa sai Malam ya tare shi ya ce ya karanta ilimin ƙasa, aiki ne da ba ya ƙarewa, tunda ƙasar ba inda za ta.

Da ƙafafun suka fara kumburi likita ya ce ƙoda ce, ya tambaye shi ko ya taɓa aikin haƙar zinari. Malam ya ji haushi ƙwarai. Shi ma'aikacin gwamnati ne.

Abin da ya kawo Saude daban ne. Ranar Juma'a jikarta Raihana, wadda aka kawo mata yaye ta ci gaba da riƙo, ta faɗi a tsakar gida tana jijjiga, ido ya kakkafe. A asibiti aka huda yatsanta aka auna jini, aka ce dalma ce, kuma da yawa.

"Inna, ana dakan dutsen zinari a gidanku?" in ji ma'aikaciyar asibitin.

"Ko turminsa ban taɓa gani ba."

"To wani wuri take samu. Za mu ba ta magani, amma in ta koma inda ta ɗebo, aikin banza muka yi. Masu na'urar auna gidaje ba za su zo ba sai hanya ta yi lafiya. Ki je ki yi tunani."

Saude ta bar yarinyar a hannun uwarta, ta dawo gida ta yi tunanin. Abu ɗaya ne baƙo a gidan. Bara waccan, bayan rasuwar mijinta, Malam Muntari ya kawo mata amalanke biyu na baƙar ƙasa, kyauta, ya shirya mata lambu a bayan ɗaki da hannunsa. Alayyahu, yakuwa, rama: da su take ci, da su take sayen sabulu. A nan Raihana take wuni, tana cusa ƙasa a baki. In Saude ta ɗaga murya sai Malam ya leƙo ta kan katanga ya ce, "Ku bar mini amaryata. Likitar ƙasa ce wagga, ba ku ga har ta kama aiki ba?"

Da mazan suka fita, Lauratu matar Malam ta shiga da Saude.

"Sannu Malam. Ya ƙarfin jiki?"

"Jiki ya yi ritaya, Saude, ni kaɗai nake zuwa ofis. Mi kinka kawo mini? In tuwo ne sun hana."

Ta ɗage faifan. Ƙasa ce.

Fuskarsa ta washe kamar an kawo masa ɗan da ya daɗe a tafiya. Ya sa Lauratu ta tallafe shi, ya ɗebi kaɗan, ya tofa yawu, ya murza, ya ɗora a harshe ya lumshe ido.

"Ta lambunki ce. Laushi kamar garin alkama, ga ɗan zaƙi-zaƙi a ƙarshe. Ko a Gummi ban ga irinta ba."

"Malam, daga ina ka ɗebo ta?"

"Sirrin sana'a kike so?"

"Raihana tana asibiti. Sun ce dalma ce a jininta."

Lauratu ta ce, "Yaya Saude, ba yanzu ba."

"Yaushe to, Lauratu? Ɗiyar mutane ce. Amana sunka ba ni."

Malam ya dubi kwanon. Ƙasar tana nan a leɓensa. Waje wani mai babur yana ta danna oda, akuya ta tare masa hanya.

"Wani kwari ne a hanyar Abare," ya ce a hankali. "Inda rafi yake ajiye laka in ruwa ya janye."

"Ana wankin dutse a rafin?"

"Can sama. Da nisa." Ya kau da kai. "Ba nisa sosai ba. Na gan su. Shi ya sa na ɗanɗana har sau uku, Saude. Sau uku. Ba tsami, ba ɗaci."

"Wa da wa ka kai wa?"

"Ke kaɗai. Ita ce mafi kyau da na taɓa samu. Na ce marar miji ta fi kowa buƙata."

Saude ta mayar da faifan a kan kwanon. Ta zo da shirin faɗa, da maganganun da ta jera tun daga asibiti, sai ga shi babu wadda ta dace.

"Kwashe ta za ki yi," in ji Malam, muryarsa ta koma ta malamin gona. "Duka. Ki nutsa kamu biyu ƙasa da inda baƙin ya ƙare. Ki yayyafa ruwa kafin ki sara, kada ta tashi. Ganyen kada ki ci, kada ki sayar, kada ki ba akuya." Ya goge bakinsa da bayan hannu, ya dubi hannun. "Lauratu, ba ni ruwa in kurkure."

A tsakar gida Lauratu ta riƙe mata gefen mayafi.

"Don girman Allah, Yaya Saude. Ba shi da gona, ba shi da ɗa namiji. Sunan nan kaɗai gare shi. Ki bar shi ya tafi da abinsa."

Saude ta zare mayafinta ta fita. Amma da ta koma asibiti, kwarin ta faɗa musu, ba ta faɗi wanda ya ɗebo ba.

Malam ya rasu ranar Laraba da hantsi. An ce tun daga safiyar da ta zo bai ƙara yi wa masu dubiya zancen harshe ba, suka ɗauka ciwon ne ya yi tsanani.

Da a ce Saude ta kira samarin unguwa gayyar kwashe ƙasar, da wuni ɗaya ya isa. Sai dai samari suna da baki, kuma za su tambayi dalilin da mace mai hankali za ta tumɓuke lambu yana tsakar yabanya. Don haka ita kaɗai ta yi, da fartanya da daro, ta ƙofar baya, zuwa ramin da ma'aikaciyar asibiti ta kwatanta mata a bayan gari. Ranar sadakar uku tana jin masu ta'aziyya ta kan katanga. Wani tsohon darakta da ya zo daga Gusau yana cewa jiha ta yi rashin ɗakin gwaji sukutum, kuma za a duba yiwuwar sa wa wani abu sunansa. Saude ta yayyafa ruwa, ta ci gaba da sara.

Kwana tara ta yi. Tafin hannunta ya ɗaye, ta naɗe da tsumma.

Aka sallamo Raihana bayan sati uku. Uwarta ta sauke ta daga goyo, ta ce likita ya ce jijjigar ta tsaya, sauran kuma sai a hankali, ba a san iya abin da zai dawo ba. Saude ta shimfiɗa tabarma biyu, ɗaya a kan ɗaya, nesa da ramin da lambun ya zama a bayan ɗakinta, ta zaunar da yarinyar. Ta dama kunu, ta fifita shi ya huce.

"Raihana. Raihanatu. Karɓi, ga Inna."

Yarinyar tana kallon bango. Saude ta sa mata ludayin a hannu, ta naɗe mata yatsun a kai, ta saki a hankali. Yatsun suka buɗe. Ta ɗauki ludayin daga kan tabarma, ta goge shi da gefen zaninta, ta ɗebo kunun da kanta.