Ta'aziyya a Tsaye

Da Babaji mijin Sabuwa ya rasu, duk unguwar Ƙofar Ƙwaya ta zo gaisuwa. Ita kaɗai ce Kirista a lungun, amma ba maƙwabciyar da ba ta tuɓe takalmi ta zauna bisa tabarma ta ce mata ya haƙuri ba. Sai ga matasan cocinsu sun shigo a jere, suka yi cirko-cirko a tsakar gida, suka rera waƙa, suka yi addu'a da Turanci, suka fice. Ko mutum ɗaya bai durƙusa gabanta ba.

Hajiya Halima, wadda katanga kawai ta raba su, ta bi su da kallo ta ce, "Sabuwa, waɗanga 'yan uwanku ne, ko hanya suka ɓata?"

Makoki bai ma watse ba Sabuwa ta yafa mayafi da la'asar, ta tare keke napep, sai coci, don ta san ranar ce matasan suke taro.

Ta iske su ƙarƙashin dalbejiya, bibbiyu, gwiwa da gwiwa, wayoyinsu jibge cikin wata tasa. Ɗanladi shugabansu ya taso da sauri.

"Inna, sannu da zuwa. Hira muke koyo. A da kowa cikin 'yan yarensa yake zama, shi ne muka..."

"Hira? Ku da ko gaisuwa ba ku iya ba? Zauna!"

Ya zauna. Sabuwa ta kama ƙugu ta fara. Ta ce jakuna ma in sun shiga gida sukan saukar da kai. Ta ce gidan mutuwa suka zo ko gidan rediyo? Ta ce sun tozarta ta gaban matan da take ɗibar wuta wurinsu tun kafin a haifi iyayensu. Tana yi tana jiran wani ya ce uffan ta haɗa da shi. Ba mai gunaguni, ba mai kallon ƙasa, duk ido na kanta. Ashe dokar zamansu ke nan: mai magana ba a katse shi, in ya gama sai a maimaita masa abin da aka ji, sannan a yi masa tambaya.

Da numfashinta ya ƙare, wata yarinya Ibo mai suna Uchenna ta matso ta tsugunna. Hausarta a karkace take, amma ba ta ji tsoro ba.

"Mama, abin da na ji, ba waƙa ce ta ɓata maki rai ba. Mun zo gidanki, ba mu zo wurinki ba. Kuma mutane sun gani. Haka ne?"

"Haka ne," in ji Sabuwa, ba don ta so ba.

"Tsoro muka ji, Mama. Ba mu san me ake cewa ba, sai muka ɓuya cikin waƙa. In yi tambaya? Wane irin mutum ne Baba?"

Tun ranar rasuwar ba wanda ya tambaye ta haka.

"Mai taurin kai!" in ji Sabuwa. "In miya ba daddawa sai ya ture akushi ya kwana da yunwa, wai don in ji haushi. Ni ko in cinye nawa in haɗa da nashi."

Suka fashe da dariya, ita ma ta yi, dariyar ta koma kuka. Wani ya turo mata benci, ba wanda ya ce ta yi shiru. Da ta share fuska sai ta tuna abin da ya kawo ta, ta sake ɗaure fuska.

"Kada ku ɗauka kun sha. Gaban mutane kuka yi, gaban mutane za ku gyara."

"Za mu zo, Inna," in ji Ɗanladi. "Yau ba mai tafiya gida sai ya iya." Tana fita ta ji ya durƙusa gaban wani ɗan Yarabawa yana cewa, "Kai ne Inna. To, ina wuni, ya muka ji da haƙuri?"

Washegari suka zo, ba a jere ba, bibbiyu, takalma a zaure. Kowane ya durƙusa ya gaishe ta, ya juya ya gaida matan unguwa ɗaya bayan ɗaya. Uchenna ta kai kan Hajiya Halima, ta jero gaisuwa har gajiya da mutanen gida, ta ƙara da cewa, "Hajiya, ke ma kin yi rashin maƙwabci. Ya haƙuri?"

Hajiya ta dube ta sama da ƙasa, ta gusa, ta buga tabarma da tafin hannu. "Zamna nan, ɗiyata. Ke ɗiyar wa ce?"

Hira ta ɓarke. Har aka kira magariba Hajiya ba ta saki yarinyar ba, sai da Sabuwa ta tashi da kanta ta kore su, don kada iyayensu su zo nema.