Yatsan Waliyyi

Fada Firmin, limamin cocin ƙauyen, ya fito da kofin shayi a hannu, sai ya tarar da Aristide, magajin gari, a tsakiyar gonar inabin Fadan, ya naɗe hannun riga yana ta saran ƙasa da diga. Wasu mazan ƙauyen na bayansa da shebur.

"Aristide! Me inabina ya yi maka?"

"Fada, kar ka ga laifina. Waliyyi ne ya nuna."

Tun kaka da kakanni mutanen Montcabrel sun yarda cewa akwai zinariyar da sufaye suka binne a ƙauyen, kuma mutum-mutumin Yohanna Mai Baftisma da ke coci wurin yake nunawa da yatsa. Da can wani falalen dutse yatsan ke kallo, wanda diga ba ta kama shi, saboda haka kowa ya huta. Bana da aka gyara daɓen cocin, magina suka ɗaga waliyyin suka mai da shi a karkace. Yanzu yatsan ya bi ta taga ya sauka kan inabin Fada, ga shi 'ya'yan inabin sun nuna, saura kaɗan a tsinke.

"Magina ne suka karkata shi! A gabana aka yi, ɗayansu ma a buge yake."

"Ba kai kake mana wa'azi cewa Ubangiji na aiki ta hannun masu zunubi ba?" Aristide ya tofa yawu a tafi, ya ci gaba da sara.

Fada ya ajiye kofin ya ruga coci. Ya rungumi waliyyin ya yi ta nishi, ko gezau.

"Ɗana, za ka karya bayanka."

Inna Honorine ce a bencin gaba, tsohuwar da ta binne miji da limaman cocin nan da dama.

"Inna, ke ma kin yarda da zancen zinariyar nan?"

"Ni? Mijina Gaston ya yi ta haƙa har ya koma ga Allah. Abin da ya samo, tsohon cokali da ciwon ƙugu." Ta miƙe da ƙyar. "Ina za ka juya shi?"

"Kan dutsen mana, inda yake da."

"Sai su ce ɓoyewa kake yi, su tone har ƙarƙashin gadonka. Dubi tagar hagu. Ka hango gonar dankalina? Tun rasuwar Gaston ba a kafce ta ba, ta yi tauri kamar kan Aristide."

Fada ya saki waliyyin. "Inna, yaudara ke nan, a ɗakin Allah kuma!"

"Wa ya ce ka buɗe baki? Kai dai tura. Ni zan fita in yi kuka in ce ya motsa."

Daga waje aka ji ƙas, wata kurangar inabi ta karye. Fada ya runtse ido, ya yi alamar gicciye, ya sa kafaɗa. Tsohuwar ta jingine sandarta ta kama gwiwar hannun waliyyin. Mutum-mutumin ya yi ƙara a kan sabon daɓe, yatsan ya bar inabi, ya ƙetare bango, ya tsaya a tagar hagu.

Inna Honorine ta ɗora kumatunta a kan hannun waliyyin, ta kanne ido ɗaya kamar maharbi.

"A'a, ka zarce. Dawo da shi kaɗan. Nan gonar Aristide ce, ya kafce abarsa da kansa."