Maratayin Dattijo

Duk wanda ya taɓa sayen nama a Zongon Lome ya san kalangun Baba Sabitu, ko da bai san mai shi ba. Dattijo ake ce wa kalangun. Kakan Baba ne ya ratayo shi daga ƙasar Katsina, ya biyo fataken shanu har bakin teku, ya zauna yana yi wa mahauta kiɗa. An sauya fata ba iyaka, an sauya tsarkiya, amma itacen nan da ya yi baƙi da zufar mutane shi ne dai har yau. In Dattijo ya kira taken mahauci, ko ciniki yake yi sai ya ajiye wuƙa ya ɗaga hannu.

Yanzu kafaɗar Baba ta soma gardama, kuma kowa a unguwa ya san an kusa miƙa Dattijo. 'Ya'yansa maza biyu ne. Tawfiq, babban, dogo ne kamar dangin uwarsa, tuƙin zemijan yake yi, wato babur na haya, daga Zongo zuwa Agoè da Totsi. Tun yana ƙarami yake bin Baba gidajen suna da biki, babu taken mahaucin da bai haddace ba. Sau ɗaya ya taɓa satar rataya Dattijo Baba ba ya nan, maratayin ya yi masa gajere har kalangun ya tokare masa hammata, ya yi maza ya mayar da shi kan ƙusa. Tun daga ranar yake jiran lokacinsa.

Ƙaramin kuwa, Samir, guntu ne kamar Baba, ɗan makarantar Faransanci, ga dariya kamar an biya shi. Bai sha rana ba, bai sha ranƙwashin gula, sandar kiɗa, a ka ba, amma hannunsa in ya sauka kan fata sai ka juyo. Wajen abokansa 'yan Ewe ya ɗauko kiɗan agbaja ya cusa a kalangu, wani ya ɗauka a waya, abin ya zagaye gari. Sai da ta kai Tawfiq na ɗaukar fasinja, fasinjan na miƙo masa waya ta kan kafaɗa yana cewa, “Ka ga wannan yaro? Ɗan Zongonku ne wai.”

“Na san shi,” haka Tawfiq ke cewa, ya ƙara wuta.

Kishi yake yi, ba wani suna abin ke da shi ba. Yana son ƙanensa, shi ya goya shi, shi ya fara riƙe masa hannu a kan gula. Amma in ya ji an ambaci Samir sai ya yi maza ya sauya magana.

Ana cikin haka matasan unguwa suka shirya bikin kiɗan gargajiya a filin makaranta. Shugabansu Rachid ya ce bana dattawa su zauna su huta, yara ne za su nuna abin da suka gada: masu goge na Zabarmawa, 'yan matan Kotokoli da waƙoƙinsu, samarin Ewe daga Agoè da gangunansu. Ya zo har zaure ya durƙusa ya gaida Baba.

“Baba, gidanku ne zai rufe fastibal ɗin. Amma jama'a Samir suke tambaya.”

Baba ya murza kafaɗa, sannan ya ce, “To, Samir ya ja gaba da kalangunsa. Tawfiq ya riƙe masa kuntuku.”

Kuntuku! 'Yar ƙaramar gangar nan mai kama da akushi, wadda ake bugawa da sanda biyu a bayan mai kalangu, aikinta kawai ta riƙe masa ƙafar kiɗa kada ya ɓace. Da ita ake fara koya wa yaro. Tawfiq ya dubi mahaifinsa ya ga ko wasa yake yi, ya tarar har ya koma jan carbinsa. Samir kuma, don ya ƙara wa miya gishiri, ya dafa shi yana murna.

“Yaya, in kai ne a bayana ba ni da tsoro. On va les tuer, za mu kashe su!”

“Allah ya kai mu,” in ji Tawfiq.

Ranar bikin da hantsi ya dawo gida shan koko, ya tarar da Baba a tsakar gida, Dattijo na kan cinyarsa. Ya shafe shi da mai har yana ƙyalli. Ya cire tsohon maratayin ya yar gefe, yana ɗinka sabo na jar fata da basilla, har da 'yan tuntaye. Da ya ga Tawfiq sai ya jawo zane ya rufe, kamar wanda aka kama da satar nama a tukunya.

Inna Zainabu, mahaifiyarsu, ta miƙo masa kofi tana murmushi. “Babanku ya ce yau zai yi magana gaban jama'a.”

Tawfiq bai sha kokon ba. Ya hau babur ya yi ta yawo, mutane na ɗaga masa hannu yana wuce su. Wato abin da aka shirya ke nan. A ɗora Samir a gaba, a tafa masa, a rataya masa Dattijo da sabon maratayi, shi kuma yana tsugune a baya da akushi kamar yaron gida. Duk ranar da ya sha, duk taken da ya haddace, sun tashi a tutar babu. Kafin ya kai mahaɗar Agoè ya riga ya san abin da zai yi, kuma bai tsaya yin a'uzubillahi ba.

Mai kuntuku ba ya fita a hoto, amma linzamin kiɗa a hannunsa yake. In ya ƙara sauri kaɗan-kaɗan, mai kalangu dole ya bi, kuma kalangu ba a yi masa gaggawa, don sai an matsa tsarkiya an saki kafin ya yi magana. In aka kore shi da gudu sai harshensa ya harɗe. Masu kallo ba za su ce komai game da na baya ba, za su ce yaron ne ya rikice.

Bayan la'asar fili ya cika. An kafa rumfuna, masu sayar da soyayyiyar doya da wagashi, wato cuku, sun jeru bakin katanga, mahauta sun zo da manyan riguna sun kama layin gaba tare da Sarkin Fawa Idrisu. Baba na gefensu, Dattijo na naɗe cikin zane a kan ƙafarsa. 'Yan Zabarmawa suka ja goge, igiyar ɗayansu ta tsinke aka yi dariya aka tafa masa. 'Yan matan Kotokoli suka yi nasu, iyayensu mata na rangaɗa guɗa. Tawfiq bai ji ko ɗaya ba, idonsa na kan zanen nan.

Da Rachid ya kira gidan Sabitu, fili ya ɗauki sunan Samir. Suka hau. Tawfiq ya zauna a baya ya fara, daidai, a natse, yadda Baba ya koya musu. Samir ya shiga da taken Sarkin Fawa, tsohon ya miƙe ya jinjina hannu. Ya bi mahauta ɗaya bayan ɗaya, kowa ya ji nasa ya yi kirari. Abin ya yi kyau, kuma kyan nasa ne ya ƙarasa ƙona Tawfiq.

Ya ƙara sauri, ɗan kaɗan, yadda ba mai lura. Samir ya bi. Ya sake ƙarawa. Samir ya waiwayo yana murmushi, yana zaton zumuɗi ne ya ɗebi yayansa, ya ce ƙasa-ƙasa, “Doucement, a hankali, Yaya.” Tawfiq ya sunkuyar da kai kamar bai ji ba, ya ƙara.

Murmushin ya ɓace. Zufa ta karyo wa Samir, taken da yake kira ya soma cin karo da juna. Sai ya yi abin da Tawfiq bai zata ba: ya saki taken mahauta ya kira taken da Baba ya yi wa Tawfiq tun ranar sunansa, wanda ake kiransa da shi in abinci ya sauka. “Babban wa, bangon jingina.” Sau biyu ya kira, kalangun na roƙo ƙarara. A duk filin mutum uku ne suka san abin da ake faɗa. Tawfiq ya ji, hannunsa ya so ya yi sanyi, sai idonsa ya sake faɗawa kan zanen da ke ƙafar Baba. Ya cije leɓe ya zuba gudu.

Hausawa sun ce hassada ga mai rabo taki ce, kuma ranar nan Tawfiq ya ga fassararta da idonsa. Da Samir ya ga ba sarki sai Allah, sai ya daina kokawa da gudun, ya hau shi. Ya juya kiɗan ya koma agbajarsa, wadda dama ƙafarta ta fi son zafi. Samarin Ewe suka yi kururuwa suka faɗo fili suna karya kafaɗu. Matan Kotokoli suka biyo su. Kai, har wani tsohon mahauci ya tattare babbar riga ya shiga, jikokinsa na ja yana fizgewa. Wayoyi suka tashi sama kamar an shuka su.

Yanzu Samir ke ja, Tawfiq ke bi. Gudun da ya kunna da hannunsa ya fi ƙarfinsa. Damtsensa ya ɗaure, yatsunsa suka sandare, ya nemi ya rage ba hali, sai sanda ɗaya ta suɓuce ta yi tsalle ta faɗa ƙarƙashin rumfa. A daidai wannan bugun Samir ya dafe fata ya tsayar da kiɗan cak, ya ɗaga gula sama, kai ka ce haka suka shirya tun a gida.

Filin ya kece da ihu. Rachid ya ƙwace makirfo yana haki. “Kun ga jini ɗaya? Kun ga yadda wa da ƙane ke jin numfashin juna? Formidable!” Ya kai makirfon bakin Samir. Samir ya goge fuska ya ce, “Na gode wa Allah, na gode wa Baba. Na gode wa Yaya.” Bai waiwaya ba da ya faɗi na ƙarshen.

“Yanzu kuma,” in ji Rachid, “Baba Sabitu ya ce mini yana da magana.”

Tawfiq ya ce a ransa to ga ta nan, a yi a gama. Baba bai ko motsa daga kujera ba. Ya ɗaga hannu ya kaɗa.

“Ba yau ba, ɗana. Allah ya yi muku albarka.”

Jama'a suka yanyame Samir, aka ɗaga shi sama aka yi waje da shi. Tawfiq ya tsinto sandarsa ya nufi inda ya ajiye babur. Can ya tarar da Baba tsaye yana jiransa.

“Kai ni gida.”

“To, Baba.”

Tsohon ya gwada ɗaga ƙafa ya hau, kafaɗar ta hana shi da kaya a hannu. Ya warware zanen ya miƙo Dattijo. “Riƙe mini in zauna.”

Tawfiq na riƙe da kan babur da hannu ɗaya, don haka ya zura maratayin a kafaɗa ba tare da tunani ba. Kalangun ya sauka ya kwanta a gefen haƙarƙarinsa, daidai inda gwiwar hannu ke matsa tsarkiya. Bai tokare hammata ba, bai yi lilo ba. Ya dubi jar fatar nan sabuwa, ya dubi tsawonta. Da Samir ne ya rataya wannan, da kalangun a cinyarsa zai tsaya.

Ya waiwayo. “Baba...”

“Na zauna. Miƙo.”

“Baba, wannan maratayin...”

“Samir ko gwangwani ka ba shi zai yi magana,” in ji Baba, muryarsa ba fushi. “Shi Dattijo ba gwani yake nema ba. Wanda na baya za su jingina da shi yake nema. Na ce bari jama'a su ga ka riƙe ƙanenka, sannan in tashi.” Ya karɓi kalangun ya ɗora a cinya. “Na ji ya kira ka, Tawfiq. Ni na yi taken nan.”

Tawfiq ya tayar da babur. Hanyar Zongo ba ta da kirki, ga ramukan da ruwan sama ya bari, kuma duk ramin da suka faɗa sai bakin Dattijo ya buga masa a gadon baya. Bai taɓa tuƙi a hankali irin na ranar ba, masu kekuna ma wuce shi suke yi. Kunya ta ishe shi, da baƙin ciki, ya rasa wanda zai ɗora wa laifi, abin da ya fi komai ciwo ke nan.

Suka isa ana shirin kiran magariba. Inna ta fito da fara'arta, guɗa na bakinta, ta dubi kafaɗar Tawfiq ta ga wayam, ta haɗiye abarta. Baba ya zauna kan tabarma inda ya zauna da hantsi.

“Zainabu, miƙo mini basilla.”

Tawfiq na tsaye bakin ƙofa da kuntuku a hannu. Yana kallo Baba ya ninke jar fatar, ya gwada a kafaɗarsa, ya ƙara ninkewa, ya soma ɗinki. Bai yanke ba, ninkewa kawai ya yi, Tawfiq ya lura da wannan ya riƙe shi da kyau. Amma da aka gama, maratayin ya dawo daidai tsawon Baba, kuma a gidan nan kowa ya san Baba da Samir kafaɗarsu ɗaya.

Daga bakin titi aka jiyo hayaniyar samari suna rako Samir gida, suna kiran sunansa.