Mummunan Jikan Hajiya Ramlatu

Saura kwana huɗu Yaya Muntasir ya sauka Kotonu da matarsa Bajamushiya, Katrin, da jaririnsu da har yau ba wanda ya taɓa ɗauka a gidanmu, sai ga saƙonta da Ingilishi. Ba za ta zo ba, yaron ma haka. Ƙarfe biyar na yamma za ta soke tikiti.

Mahaifiyarmu, Hajiya Ramlatu, ce ta jawo. Ranar Juma'a aka nuna mata yaron ta bidiyo, ta tafa hannu ta ce, "Wannan mummunan mijin wa zai so shi? Dubi kai kamar tulu!" Muka kwashe da dariya, don a unguwarmu ta Zango haka kaka ke tarbar jika. Ashe Katrin ta naɗi maganar, ta ba manhajar fassara. Yaya ya yi bayani har ya gaji, ta ce rufa wa uwarsa asiri yake yi.

Kawu Tanko, da ya yi boko a Sakkwato, ya rubuta amsa da Ingilishi ya miƙo mini.

"Labiba, shekara uku kina Jamusanci a jami'a. Juya mata da harshen uwarta, ya fi ratsa zuciya."

Na zauna a tsakar gida da ƙamus a cinya, masu zem, 'yan acaɓan Kotonu, suna ta zuba hon a bakin titi. Layin farko ya tsaya mini a wuya: babu malice, babu spite, babu ill will. Na buɗe ƙamus, kalmomi suka yo kaina kamar zanzaro. Bosheit, mugunta zalla. Gehässigkeit, ƙiyayya mai tofar da baƙar magana. Missgunst kuwa hassada ce. Na jera su, na sa "babu" a gaban kowace, na karanta. Na hango Katrin can cikin sanyi, rungume da ɗanta, tana karanta wannan daga dangin miji. Tamkar mutum ya shigo ɗakinki da wuƙa tsirara yana cewa ba yanka ki zai yi ba.

"Huɗu da kwata," in ji Kawu. "Ko Jamusancin naki iyakarsa gaisuwa?"

"Kawu, ba wannan take jira ba."

Na juya wajen Hajiya, tana zaune kan tabarma, ta riƙe carbi amma ba ta ja.

"Hajiya, ki ce kina son sa. Da bakinki. Ni zan fassara."

Ta zare ido. "Ɗan ɗan farina? In yaba shi a gaban mutane? Ke ba ki da kunya, ni ina da ita. In baki ya kama shi kuma, ke za ki yi magani?"

"To, zai girma yana ganinki a waya."

"Ke, Labiba!" Kawu ya daka mini tsawa.

Ban janye ba. Matar da tun da na yi wayo ban taɓa jin ta kira sunan Yaya ba, yau nake so ta kwance zuciyarta a gaban baƙuwa.

Huɗu da rabi ta wuce. Hajiya ta dubi ƙaninta.

"Tanko, fita."

Ya fita yana gunaguni. Ta jawo wayar kusa da baki, murya ƙasa-ƙasa kamar mai satar magana.

"Ɗiyata Katirin. Yaron nan kyakkyawa ne, Masha Allah. Tsoron idon mutane ya sa na zage shi. Tun da aka haife shi nake auna nauyinsa da hannuna babu shi. Ki kawo mini shi."

Na fassara ina share hawaye, ban sake duba ƙamus ba. Na tura muryar da rubutun, biyar saura goma.

Katrin ta buɗe. Ta fara rubutu, ta tsaya. Ta sake farawa, ta sake tsayawa. Hajiya ta damƙe wuyan hannuna har na ji zafi.

Saura minti biyu saƙon ya shigo.

"Me ta ce? Yi magana mana!"

"Tana tambaya ko ana zafi sosai a Kotonu. Wai ba ta san irin kayan da za ta ɗebo masa ba."

Hajiya ta saki hannuna, ta goge fuska da gefen mayafi.

"Ce mata kada ta wahalar da kanta. Na ba tela ɗinkin kayansa tun watan jiya."